Wata biyu ina atisayen sassauta tsoka saboda ƙafar da ke hana ni barci

Shekarata 49, kuma tun bara al'adata ta fara yi mini wasan ɓuya. Sai ta yi wata biyu ba labari, ran da ta ga dama kuma ta zo kamar an kunna famfo. Gumin dare da zafin nan mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska duk na sha jin labarinsu a bakin yayyena, shi ya sa ba su ɗaga mini hankali ba. Ƙafa ce babu wadda ta taɓa ba ni labarinta. Da na idar da sallar isha'i na miƙe a gado, sai in ji kamar kiyashi na yawo can cikin sharaɓata, inda susa ba ta kaiwa. Ba ciwo ba ne, ba kuma ɗaurewar jijiya ba, dole ce kawai sai na motsa. In na tashi na zaga tsakar gida sai abin ya lafa, ina kwanciya ya dawo. Har maigida ya kwashe filonsa ya koma falo, wai ya gaji da shan shuri.

Surukata ta ce sanyi ne. Na shafa man zafi har zanin gadona ya ɗauki warinsa, a banza. Sai da na je asibiti likita ya ce lalura ce sananniya, ana kiranta cutar Willis-Ekbom, da sunan wani likitan Ingila da ya fara bayaninta a ƙarni na 17 da wani na ƙasar Suwidin da ya yi cikakken nazarinta a 1945. Ya ce ta fi kama mata, ya tura ni sashen gashin ƙashi, inda ake koyar da atisayen motsa jiki. A can na biya kuɗin zama shida, sau ɗaya a mako, kuma ga mai albashin malamar firamare kuɗin ba na wasa ba ne.

Yarinyar da ta karɓe ni ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, amma ta san aikinta. Ta kwantar da ni rigingine ta ce, "Mama, ki dunƙule yatsun ƙafarki kamar za ki ɗauki tsakuwa da su. Riƙe. To, saki gaba ɗaya." Ana matsewa kamar daƙiƙa biyar, a saki na daƙiƙa ashirin ko talatin ana numfashi a hankali, sannan a hau sharaɓa, cinya, ciki, kafaɗa, har fuska. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Ta ce wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya tsara hanyar, littafinsa a kanta ya fito tun 1929. Ban san ina kwana da haƙora a cije ba sai ranar da ta ce in saki muƙamuƙina.

Gaskiya ya yi mini amfani, amma ba ta inda na zata ba. Fargabar dare ya rage mini. Da, tun magariba nake fara tunanin yau ma haka za a kwana, gabana na faɗuwa. Bayan mako biyu na ga barci na ɗaukata da wuri, kuma ko gumi ya tashe ni ina iya komawa. Amma in kiyashin ya riga ya taso, wallahi kwanciya shiru ana matse tsoka azaba ce, domin zama wuri ɗaya shi ne abin da lalurar ba ta so. Da kaina na gano a yi shi kafin abin ya fara. In ya fara kuwa, miƙar sharaɓa ta fi: in dafa bango, in mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, in jingina gaba na rabin minti, in canja. Sai in bi da ruwan ɗumi a bokiti har gwiwa.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Muryar da suka turo mini ta WhatsApp don in riƙa bi a gida da Turanci take, ga kiɗa a bayanta. Ni na gane, amma ƙanwata da na tura wa ko minti biyu ba ta yi ba ta goge. Me zai hana a ɗauki ta Hausa? Na biyun ya fi ciwo. Sai a zama na huɗu, cikin hira, na ambaci yawan jinin da nake zubarwa, yarinyar ta dakata ta ce, "Mama, an taɓa auna miki feritin?" Ko sunan ban taɓa ji ba. Ashe shi ke nuna sinadarin ƙarfen da jiki ya ajiye, kuma ƙarancinsa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan lalura, don ƙwaƙwalwa na buƙatarsa wajen sarrafa dofamin, wani sinadari da ke taimakawa wajen daidaita motsin jiki. Mai irin matsalata ana so nata ya haura 75. Nawa 18 ya fito, alhali gwajin yawan jini da aka saba yi mini kullum cewa ake ba laifi. Wannan tambaya a ranar farko ya kamata a yi ta, tun a ɗakin likita.

A nan ne ma na ji cewa Piriton ɗin da nake haɗiya don in samu barci ƙara rura abin yake, haka goron da nake ci bayan la'asar da shayin dare. Goro ne ya fi ba ni wuya, har yau in an kawo na ɗaurin aure sai na ɓantari ɗan kaɗan.

Yanzu likita ya ɗora ni kan ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ina sha da lemu, nesa da lokacin shayi. Tana sa bayan gida ya yi baƙi ya yi tauri, kada wata ta gani ta firgita, kada kuma ta saya ta sha ba gwaji. Atisayen ina yinsa kowane dare bayan shafa'i da wutiri. Da a ce yau zan fara, zama biyu kawai zan biya in koyi yadda ake yi, sauran kuɗin in kai ɗakin gwaji. A mako ƙafar kan tashe ni dare biyu ko uku, maimakon kullum. Maigida ya dawo da filonsa, sai dai can bakin gado yake raɓewa. Wata mai zuwa za a sake auna feritin ɗin.