Tasalonika ko Santorini: wadda ta fi dacewa da mai tafiya da iyali

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaye ni inda ya fi dacewa ku je hutu a ƙasar Girka. Tunda hutun mako guda ne, kuma da iyali za ka tafi, shawarata tsakanin birnin Tasalonika da tsibirin Santorini ita ce ka yanki tikitin Tasalonika. Na sauka a dukansu biyu, kuma ɗaya ce kawai nake marmarin komawa.

Tasalonika ita ce birni na biyu mafi girma a Girka bayan Atina, tana kwance a bakin tekun Tarmaik, a arewacin ƙasar. An kafa ta wajen shekara ta 315 kafin haihuwar Annabi Isa, aka raɗa mata sunan 'yar'uwar Iskandari Mai Girma, sannan Rumawa suka mulke ta, Daular Usmaniyya ta karɓe ta a 1430, ba ta koma hannun Girkawa ba sai a 1912. Duk waɗannan masu mulki sun bar gine-ginensu kusa da juna, ta yadda mutum zai iya zagaya mafi yawansu a ƙafa ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Rotunda, wani ƙaton gini mai siffar da'ira da sarkin Rum Galeriyus ya gina wajen shekara ta 306, wanda daga baya ya zama coci, sannan ya zama masallaci a ƙarshen ƙarni na 16. Hasumiyar masallacin tana nan tsaye a gefensa har yau, a cikin ginin kuma ana ganin ragowar adon ƙananan duwatsu masu launin zinariya a jikin rufin. Daga nan zuwa Farar Hasumiya da ke bakin ruwa, wadda Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku, tafiya ce kaɗan, kuma yara za su iya hawa samanta su hango birnin gaba ɗaya. Gidan da aka haifi Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, a 1881 ma yana cikin gari, an mayar da shi gidan tarihi.

Amma abin da ya sa nake yabon garin ya wuce tarihi. Da sassafe nakan shiga wani ɗan shago kusa da kasuwar Kapani, inda wani dattijo yake sayar da bugatsa, wato fulawa mai sirara-sirara da aka gasa da madara mai kauri a ciki. Yakan ɗora ta a kan katako, ya sassara ta ƙanana da wata lanƙwasasshiyar wuƙa cikin sauri, ya barbaɗa sukari da kirfa, ya miƙo tana tururi. Da ya lura ina tambaya kafin in taɓa kowane abinci mai nama, shi da kansa ya riƙa nuna mini na cuku da na alayyafo, ya kuma kwatanta mini inda zan samu gasasshen kifi a farashin 'yan gari. Da yamma kuma mutanen birnin kan fito tattaki a doguwar hanyar bakin teku, tsofaffi da ɗalibai da masu tura jarirai, kuma idan sama ta washe ana hango Dutsen Olimpus, dutse mafi tsayi a Girka, a ɗaya gefen ruwan. Ba a biyan ko sisi a kan wannan, kuma babu mai binka da tallar komai.

Zirga-zirga ma ta yi sauƙi tun da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a ƙarshen 2024, kuma a tashar Benizelu an bar tsohon titin zamanin da da aka tono a fili, fasinja na wucewa yana kallo. Idan da sauran rana, ku je garin Barjina da ke yamma da Tasalonika, inda aka gano kabarin Sarki Filib na biyu, mahaifin Iskandari, a 1977. Aibin garin guda ɗaya da zan faɗa shi ne ba a wanka a tekun da ke gabansa, sai an fita wajen gari, kamar zuwa yankin Halkidiki, inda ruwa yake garau da yashi mai laushi.

Santorini kuwa tana da kyau a hoto, wannan ba wanda zai musa. Fararen gidaje ne a kan gaɓar ramin da aman wuta ya bari fiye da shekara 3,500 da suka wuce, kuma faɗuwar rana a ƙauyen Iya abin kallo ce ga wanda ya samu wurin tsayawa a cikin turmutsitsin da manyan jiragen ruwa suke saukewa. Bayan haka sai matakala marasa iyaka, waɗanda ba su dace da ƙananan yara ko dattijai ba, da ɗaki mai tsadar da na daɗe ina jin zafinta.

Ba ka tambayi wannan ba, amma dole in faɗa. Ka guji duk dillalin da ya ce maka yana da hanyar samo bizar Shengen, wato bizar shiga Girka da yawancin ƙasashen Turai, tabbas idan ka ƙara kuɗi, domin ofishin jakadanci ne kaɗai yake yanke hukunci, kuma takardar otal ta bogi da irinsu suke haɗawa tana iya ɓata maka suna a nema na gaba. A Girka kuma, a gidajen abinci na bakin ruwa, ana rubuta farashin kifi a kan kilo ne, ba a kan faranti ba, saboda haka ka sa a auna a gabanka a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Wanda ya ƙi nuna maka takardar farashi, ka tashi ka bar masa wurinsa. Dokar ƙasar ta ce mai saye ba dole ne ya biya ba idan ba a ba shi rasit ba, kuma za ka ga an manna wannan sanarwa a shaguna. Haka nan direban tasi ya kunna mita tun daga filin jirgi. Game da abinci kuma, naman da ake yankawa daga jikin ƙarfe mai juyawa, wanda suke kira giros, galibi na alade ne a Girka, don haka ka tambaya kafin ka saya, ko ka tsaya a kan kifi da wake da ganye, waɗanda suke da yawa kuma suna da araha.

Ka nemi masauki kusa da Dandalin Aristotil domin komai ya zama kusa da ku, kuma idan da hali ka sa tafiyar a watan Mayu ko Satumba, lokacin da zafi ya yi sauƙi. Allah Ya kai ku lafiya.