Hattara da masu sayar da "sirrin maket meka"

Jama'a don Allah duk wanda aka jefa shi irin guruf ɗin nan na Telegram ko WhatsApp da ake cewa wai suna da mutum a cikin maket meka yana tsegunta musu inda farashin hannun jari zai nufa, ya fice tun bai tura ko sisi ba. Ni ma haka na wayi gari na gan ni a ciki ba wanda ya tambaye ni, na yi sati uku ina kallonsu ban ce uffan ba.

Shi maket meka fa ba boka ba ne, babban dillali ne, kamfani irin su Citadel Securities ko Virtu, aikinsa kullum ya tsaya da farashi biyu, na saye da na sayarwa. Misali ya saya a dala 10.00 ya sayar a 10.02, wannan 'yar tazarar ce abincinsa, sai dai sau miliyoyi yake yi a rana. Kuma eh suna taɓa farashi. In kaya sun taru masa a hannu yakan sassauta farashi don ya rage, in kasuwa ta rikice ya buɗe tazarar, kai da ka danna saye ko nawa ne sai ka kwasa da tsada. Amma kwamfuta ce ke wannan aikin kafin ƙiftawar ido, to wane ma'aikaci ne zai riga ta har ya samu sukunin turo wa admin saƙo?

Ga yadda masu guruf ɗin suke yi. Sai su nemi hannun jarin wani ɗan ƙaramin kamfani da ba a cinikinsa sosai, su riga kowa saye a ɓoye, sannan a saki sigina wai manya sun shigo ku yi maza, kuna rububin saye farashi na hawa saboda kuɗinku ne ke ɗaga shi ba wani abu ba, ana ta watso hotunan riba ana kabbara, su kuma a daidai lokacin suke sauke muku nasu. Minti kaɗan farashi ya rikito. Abin da ya fi ƙona min rai, da an yi asara sai admin ya fito yana jaje wai maket meka ne suka farauci sitof-los ɗinku (wato umarnin da kuka sa a sayar da naku in farashi ya faɗi zuwa wani mataki don rage asara), ku biya kuɗin guruf na musamman za a koya muku yadda ake kauce musu. Da sunan maket meka aka jawo ka, da shi kuma aka wanke hannu.

Ba yau aka fara ba. A Disamba 2022 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta tuhumi mutum 8 da yin irin wannan ta Twitter da Discord, maganar kusan dala miliyan 100. Shi kansa Bernard Madoff, ɗan damfarar Amurka da aka yanke wa ɗaurin shekara 150 a 2009, kamfaninsa maket meka ne na gaske, har shugabancin kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya riƙe, da wannan kwarjinin ya cinye dukiyar mutane.

Ko babu damfara ma cinikin saya-da-safe-sayar-da-yamma ba wasa ba ne, wani bincike a Barazil ya nuna cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300 kashi 97 cikin 100 asara suka tafka. In dole sai ka yi, sa iyakar farashin da za ka saya, duba tazara da yawan ciniki kafin ka danna, ka tabbatar burokanka, wato kamfanin da kake ciniki ta hannunsa, na da rajista da hukuma ba manhajar da admin ya turo ba.

Ranar ƙarshe tambaya ɗaya na yi musu, na ce admin kai yaushe ka sayi naka, kafin sigina ko bayanta? Ko minti biyu ba a yi ba aka cire ni.