Gargaɗi: dala 1,140 sun tafi da sunan "otal mai kare muhalli" a tsakiyar Nairobi

Jama'a, duk wanda zai je taro Nairobi ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana kama wa mutane ɗaki a wai otal mai kare muhalli a tsakiyar birni, tsakanin babban ɗakin taro na KICC da Masallacin Jamia. Otal ɗin yana nan, gini ne na gaske, ma'aikata na gaske, amma ba su taɓa jin sunan mutumin ba. Dala 1,140 ya karɓa a hannunmu. Ɗaki uku, kwana huɗu, dala 85 kowane dare, 1,020 ke nan, sai dala 120 na wani abu da ya kira kuɗin kare muhalli. Kuɗin ƙungiya ne, amana ce, kuma wakilai uku ne suka tsaya da jakunkunansu gaban mai karɓar baƙi cikin dare ana ce musu babu sunansu a kwamfuta.

Kada wani ya zo yana ce min ba a bincika ba. An bincika. An ga otal ɗin a taswira, an karanta sharhin waɗanda suka kwana, hotunan ɗakuna sun dace da na shafinsa. Masu ɗaukar nauyin taron sun sa sharaɗi cewa a sauka a wurin da ke da takardar shaidar kare muhalli, a haɗa kwafinta da rasit kafin su mayar da kuɗi, kuma mutumin ya san da irin wannan sharaɗi tun ba a faɗa masa ba. Shi ya fara ambatarsa. Ga Hausa a bakinsa tsaf, "Malam, ai mu 'yan gida ne, ba zan bari ɗan uwana ya sha wahala a ƙasar mutane ba." Sannan ya turo bidiyo yana saman bene, yana nuna tankokin dumama ruwa masu aiki da rana, ya dafa ɗaya da hannu ya janye da sauri, wai ya yi zafi. Wannan janye hannun ne ya gama da ni. Wa zai ga haka ya ce ƙarya ce? Nairobi gari ne mai sanyin dare, yana kan tudu kusan mita 1,800, ruwan zafi na daga cikin abin da ya fi cin wuta a otal, don haka wanda ya fara nuna maka tankin sola ya nuna maka abin da masani zai fara tambaya. Ashe benen ma ba na otal ɗin ba ne. Manajan ya kalli bidiyon ya ce su hitar lantarki ce a kan kowace shawa, ba su da tanki ko ɗaya a sama.

Ba ma bidiyon kaɗai ba ne. Kafin bidiyon, ko bayansa, zan duba hirar, ya turo satifiket. Koren ganye a sama, hatimi a ƙasa, an rubuta cewa GSTC, majalisar duniya ta yawon buɗe ido mai kare muhalli, ce ta bayar. To ku riƙe wannan: GSTC ba ta ba otal satifiket da hannunta. Ita ƙa'idoji take tsarawa, ta kuma tantance kamfanonin da ke zuwa duba otal, don haka dole sunan kamfanin da ya duba ya fito a takardar. A tasa babu. Hoto ne ya turo, ɗan ƙarami, WhatsApp ya matse shi, rubutun ƙasa duk ya dushe, da aka nemi cikakkiyar takarda sai ya ce tana ofishin manaja a cikin gilashi, za a ba mu kwafi mai hatimi ranar sauka. Magana ce mai kama hankali, haka otal da yawa suke rataye tasu. Har yanzu ina cewa magana ce mai kama hankali.

Shaidun gaske ba ɓoyayyu ba ne. Green Key na gidauniyar ilimin muhalli ta FEE ne da ke Denmark, kuma suna da jerin wuraren da suka ba a shafinsu. EarthCheck na Ostareliya ne, akwai Green Globe, akwai Travelife. A Kenya akwai Ecotourism Kenya mai ba da matakin tagulla, azurfa da zinare, kodayake akasarin masu riƙe da ita masaukai ne na gandun daji da bakin teku. LEED kuwa shaidar gini ce daga Amurka, ta fi magana a kan yadda aka tsara ginin. Duk suna da jeri, sunan otal yana ciki ko ba ya ciki. Koren ganye kawai a jikin talla ba komai ba ne. Ko Booking.com sai da ta sauke tambarinta na Travel Sustainable a watan Maris na 2024, bayan hukumar kare masu saye ta Holan ta ce yana iya ruɗin mutane. Idan babban kamfani ya sauke nasa ganyen, ina ga na wani mai lambar waya?

Wata ƙaryar da ya yi ta nanatawa ita ce wutar otal ɗin "mai tsabta ce kashi 90". Ai wutar Kenya gaba ɗaya kusan haka take, daga tururin ƙasa na Olkaria, da madatsun ruwa, da iskar Turkana. Shagon aski ma a River Road wutar da yake ja ke nan. Haka "ba ma amfani da leda": Kenya ta haramta ledar zuba kaya tun 2017, doka ce a kan kowa. Ya ɗauki abin da ƙasa ta yi ya sayar mana a matsayin ƙoƙarin otal, dala 85 kowane dare.

Sai biyan kuɗi, inda abin ya fi ƙona min rai. Otal na gaske a Nairobi yana karɓa da kati, ko ta banki da sunan kamfani, ko ta M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya a Kenya, a lambar 'yan kasuwa da ake kira Paybill ko Till, inda sunan kasuwancin zai fito kafin kuɗi su tafi. Shi ya ce Paybill ɗinsu na da matsala a makon, a tura wa akawunsu kai tsaye, kuma wanda ya biya duka a gaba ne ke samun farashin dala 85 ɗin. Ta hannun ɗan canji aka tura, 1,020 zuwa lamba ɗaya, 120 zuwa wata lambar da wani suna daban. Wai na biyun asusun dashen itace ne. Dala 120 na dashen itace! A takardar kuɗin otal a Kenya abin da za ka gani shi ne VAT kashi 16, harajin yawon buɗe ido kashi 2, wasu su ƙara kuɗin hidima, kuma lambar harajin otal ɗin ta KRA, hukumar harajin Kenya, tana jiki. A tasa babu VAT, babu lambar KRA, sai tambari da adireshi na gaskiya da ya kwafo. Safaricom, kamfanin waya mai M-Pesa, na da hanyar dawo da kuɗi idan ka tura saƙon biyan zuwa 456 da wuri, amma wanda ya tura ne kaɗai zai iya, kuma sai in ba a cire kuɗin ba. Mu da muka gano bayan mako biyu, kuma ɗan canji ne ya tura, me ya rage? Wayar mai kama ɗakin tana shiga har ranar da jirgi ya tashi, har da "Allah Ya kawo ku lafiya, Malam." Wakilanmu na sauka filin jirgin JKIA na Nairobi ta mutu.

Na sake kallon bidiyon nan ban san iyaka ba. Ba a ga fuskarsa ba, ba a ga allon otal ba, hannu ne kawai da tanki da sararin sama. Kiran bidiyo kai tsaye kuwa kullum "netwok" ne ke hanawa. Dala 1,140, sannan aka sake biyan wasu ɗakunan a daren, a farashin da aka samu, kuma masu taron ba za su mayar da ko ɗaya ba tunda babu satifiket.

Hotunan hirar, da satifiket ɗin, da saƙonnin M-Pesa biyu duk suna nan, zan ɗora su da zarar an rufe sunayen wakilanmu. An kai ƙara wurin 'yan sanda a can, za a kai wa EFCC a nan, domin lambar da ya fara kira da ita ta Najeriya ce.

Ku kira otal da lambar da kuka samo da kanku, ku ce su karanto muku lambar kama ɗakin. Ku nemi sunansa a jerin masu ba da shaidar, ba a hoton da aka turo ba. Ku tambaye su da me suke dumama ruwa, ruwan sha na kwalbar gilashi ne ko roba, kwana nawa suke canza zanen gado, katin ɗaki yana kashe wuta in an fita. Kada ku biya lambar mutum, ko da Hausa ya gaishe ku. In kuma taronku a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na Gigiri ne, tsakiyar birni ba kusa ba ne, cunkoson Limuru Road zai cinye muku safiya, ku nemi masauki a can gefen.