Argo: na ɓata addu'ata a kan jirgin da ba wanda ya bi

Ni ba mai yawan kallon finafinan Turawa ba ne. Yaron da ke tura min fim a waya a nan Tudun Wada shi ya matsa min, wai "Yaya, wannan labarin gaskiya ne, ba irin harbe-harben nan na banza ba." Jin ya ce labarin gaskiya ne ya sa na ce ya zuba min. Kuɗin turawa kun san shi, ba abin tsayawa magana ba ne. Ya dai haɗo min da wasu biyu da ban tambaya ba suka cike min waya, wannan kuma halinsu ne su duka.

Fim ɗin shi ne Argo, na 2012, wanda Ben Affleck ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin Tony Mendez, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, CIA. Ranar 4 ga Nuwamba 1979 ɗalibai suka kutsa ofishin jakadancin Amurka a Tehran, babban birnin Iran, suna neman a dawo musu da Shah, sarkinsu da juyin juya hali ya hamɓarar, wanda Amurka ta karɓa don jinya. Mutum 52 aka riƙe har kwana 444. Amma akwai shida da suka sulale ba a kama su ba, suka ɓuya a hannun ƴan Kanada. Dabarar fito da su ita ce a ce ai su ma'aikatan fim ne daga Kanada, sun zo duba wuraren da za su ɗauki wani fim na sararin samaniya. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma ya faru.

Daren Juma'a muka kalla, bayan isha'i, na haɗa wayar da talabijin. Aka yi dace Kawu ya zo daga cikin birni zai kwana. Shi yana ɗalibi a Samaru lokacin da abin ya faru, ya ce wata ɗaya ke nan da rantsar da Shagari, kullum da daddare suna kewaye da rediyo suna bin labarin. Wuta babu, na tada janareta da ɗan man da ya rage.

Sa'a ɗaya da rabi na farko ba ni da ta cewa, fim ya yi. Amma ni filin jirgi ne ya kawo ni rubutun nan.

Abin da aka nuna mana shi ne, ana gobe za su tafi aka soke aikin daga Washington. Mendez ya yi kunnen ƙashi ya kwashe su zuwa filin jirgi. Aka duba, ba tikitinsu a na'ura, sai a daƙiƙar ƙarshe ya fito. Suka wuce shinge na ɗaya, na biyu, a na uku dakarun juyin juya hali suka ja su wani ɗaki. Ɗaya daga cikin shidan, wanda tun farko shi ne mai gardama, ya ɓalle da Farisanci yana nuna musu zane-zanen fim ɗin, yana kwaikwayon jirgin sama da hannu. Shugaban dakarun bai gamsu ba, ya ɗau waya ya kira ofishin fim ɗin a Hollywood. Waya na ta ringin, mutanen ofishin an tsare su a hanya saboda ana ɗaukar wani fim. A can gefe guda kuma yara sun gama harhaɗa takardun da aka yayyaga a ofishin jakadancin Amurka, hoton ɗaya daga cikinsu ya bayyana. Kafin ka ce me, ga motocin ƴan sanda da motar dakaru sun bi jirgi a kan titin tashi, bindigogi a hannu.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Zuciyata na dukan uku-uku, ga janareta ya fara tari alamar mai ya zo ƙarshe, ni kuma ina cewa "Allah ka tashi jirgin nan, Allah ka tashi jirgin nan." Ƙafata ta ture kofin shayin Kawu a kan dardumar da mai ɗakina ta wanke ranar. Ita tana bakin ƙofa tana ta dariya. Da jirgi ya ɗaga sai da na yi hamdala da ƙarfi, kamar ƙanena ne a ciki.

Kawu ko gezau. Ya ɗaga kofinsa ya duba, ya ajiye. Ya ce, "Zauna, ɗana. Ƙasar da ke da jiragen yaƙi ce za ta bi jirgin fasinja da motar ƴan sanda? In da sun gane su, ai ko ya tashi sai ya sauko." Na ce, "Haba Kawu, ai an rubuta labarin gaskiya ne." Ya ce shi dai abin da ya ji a lokacin, Kanada aka yi ta yi wa godiya, ba a ma ambaci wata CIA ba.

Maganar ta tsaya min a rai. Bayan kowa ya kwanta na ƙarar da datata ina bincike har wajen ƙarfe biyu, kuma abin da na tarar ya sa jikina ya yi sanyi. Ba wanda ya bi jirgi. Ba wanda ya ja su ɗaki, ba wanda ya kira Hollywood, ba a soke aikin ana gobe tafiya ba, tikiti kuma an saye shi tun da wuri. Da asubar 28 ga Janairu 1980 suka je filin jirgin Mehrabad, an zaɓi asuba ne takanas saboda lokacin masu tsaro ba su da yawa kuma barci bai sake su ba. Suka wuce da fasfon Kanada, suka hau jirgin Swissair zuwa Zurich. Ɗan jinkirin da aka samu na gyaran jirgi ne. Ita kanta CIA ta fito a Twitter a 2014 ta faɗi cewa bin jirgin nan bai faru ba. Wato duk gumin da na yi, da shayin Kawu, da addu'ata, a kan abin da wani ya zauna a ɗaki ya ƙirƙira ne.

Na san ana ƙara wa labari gishiri, mu ma a majalisa muna yi. Amma a nan gishirin ya fi miyar yawa, kuma daidai wurin da ya fi kama zuciya nan ne ƙaryar take.

Abin haushin ma, akwai haɗari na gaske da suka bari. Bizar jabun da aka buga a fasfunan an yi kuskuren kwanan wata, saboda kalandar Iran daban take, shekararsu a watan Maris take farawa. Wani ma'aikacin ofishin jakadancin Kanada mai karanta Farisanci ne ya gano kafin a yi abin kunya, aka gyara. Duk wanda ya taɓa rikicewa tsakanin watan Musulunci da na Bature wajen sa ranar biki ya san yadda irin wannan ke faruwa. Wannan ai ya isa ya tsinka wa mai kallo zuciya ba tare da motar ƴan sanda ba.

Sai kuma abin da ya fi ci min rai, har ya fi na jirgin. A fim, duka shidan a gidan jakadan Kanada, Ken Taylor, suke. A gaskiya mutum biyu ne a gidansa. Sauran huɗun suna gidan wani jami'in shige da fice na ofishin, John Sheardown, shi da matarsa Zena. Shi aka fara kira a waya lokacin da suka rasa inda za su sa kansu, kuma bai yi wata-wata ba ya ce su taho. Kusan wata uku yana ciyar da su, yana ɓoye su, a garin da in an gano shi ba a san inda abin zai tsaya ba. Mutumin nan ko sau ɗaya bai fito a fim ɗin ba. Ya rasu a ƙarshen Disamba 2012, wata biyu da ƴan kwanaki bayan fitowar fim ɗin. Ni da na tashi a gidan da ba a raba shi da baƙi, na san abin da ake nufi da mai masauki. Baƙon kwana uku ma sai an sake lissafin cefane, balle huɗu na wata uku waɗanda ba a so maƙwabci ya ji tarinsu. A ce an ba da labarin baƙi an share mai masaukinsu, wannan butulci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ba su kaɗai aka yi wa ba. A cikin fim an ce Ingila da New Zealand sun kore su. Alhali ƴan Ingila sun ɓoye wasunsu a kwanakin farko, jami'an New Zealand kuma sun taimaka har ranar tafiya. Sai da majalisar dokokin New Zealand ta nuna ɓacin ranta a 2013. Jimmy Carter, wanda shi ne shugaban Amurka a lokacin, ya yaba fim ɗin amma ya ce kashi 90 cikin 100 na aikin ƴan Kanada ne suka yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, kar na zama marar adalci. Da na huce na ga akwai abin yabo. Buɗewar fim ɗin ta ba ni mamaki, don ban zaci fim ɗin Amurka zai fara da faɗin cewa a 1953 Amurka da Ingila ne suka kitsa kifar da Firaministan Iran, Mossadegh, bayan ya mai da man fetur hannun ƙasa ba. Ko Kawu sai da ya gyaɗa kai a nan. Batun kamfanin fim na bogi ma gaskiya ne, sun buɗe ofis mai suna Studio Six, sun sa talla a mujallun Hollywood, har mutane suka riƙa aiko musu da labarai a yi musu fim. John Chambers, mai kwalliyar ƴan wasa da ya taimaka musu, mutum ne na gaske. Tsohon furodusan nan mai baƙar magana da Alan Arkin ya fito a matsayinsa, wanda ya fi kowa ba ni dariya, shi kuma ƙirƙirarsa aka yi, amma wannan ban damu ba, bai ƙwace wa kowa haƙƙi ba. Kaya, aski, manyan tabarau, hayaƙin taba a ofis, komai ya yi kama da zamanin. Ba banza ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2013 ba. Hannun CIA a aikin kuwa sai 1997 aka bayyana shi, shi ya sa Kawu bai ji sunanta a rediyo ba.

Har na fara cewa a raina a bar shi a tafi a haka, sai na tuna kasuwa. Akwai inda aka kai su babbar kasuwar Tehran, wani dattijo ya taso musu da masifa saboda an ɗauki hoton shagonsa, jama'a suka yi musu ca. Wannan fitar ma ba a yi ta ba, kasuwar kuma ta Istanbul ce. In ka cire ƴar aikin gidan jakada, kusan duk ɗan Iran da ke fim ɗin ko yana ihu ko yana zare ido. Mu a Zariya sunan Iran ba baƙo ba ne, kowa da ra'ayinsa a kai, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Amma ƙasa guda ba za ta zama duk masu kumfar baki ba. Mu da ake nuna Arewa a labaran waje mun san ɗanɗanon wannan.

Washegari a majalisa wani abokina ya ce na cika tsanani, fim ne ba littafin tarihi ba. Na ce masa in haka ne me ya sa a ƙarshe suka jera hotunan gaske kusa da na fim, fuska da fuska, har da muryar Carter a kai? Ai ce maka suke yi duba ka gani, ba mu canza komai ba. Mai shinkafa ne ya gyara saman tiya, tsakuwar tana ƙasa. Ya ce ai duk da haka na ji daɗin kallon. Ban musa ba.

Ban goge shi daga waya ba. Shekaranjiya na sake kallon wurin filin jirgin ni kaɗai, ina sane sarai ƙarya ce, amma da wayar nan ta fara ringin a Hollywood sai da gabana ya sake faɗuwa, abin ya ƙara ba ni haushi. Kawu ya aiko a tura masa, wai zai nuna wa abokansa na zamanin Samaru su yi gardama. Tabon shayin kuma har yau yana kan darduma, mai ɗakina ta ce ba za ta sake wankewa ba sai wanda ya yi wa jirgi addu'a ya sayo sabulu.