Lahadin da na yi a Oppenheim, garin manoman inabi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan Inna ta ji sauƙin ƙafarta. Ka sha yi mini ƙorafi cewa hotunan dusar ƙanƙara kaɗai nake aiko muku, ban taɓa gaya muku yadda mutanen Jamus ke saye da sayarwa ba. To ga labarin Lahadin da ta wuce.

Na shiga jirgin ƙasa daga Mainz zuwa Oppenheim, wani ɗan gari a bakin kogin Rhine a hanyar Worms, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ban sayi tikiti ba, domin ina da na wata-wata da ake kira Deutschlandticket. Da shi za ka hau bas da tarago da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina a ƙasar, ban da masu gudun nan na dogon zango. Da aka fito da shi a 2023 Yuro 49 ne, a 2025 ya koma 58, mutane suna ta gunaguni. Kada kuma ka yarda da maganar nan cewa jirgin Bature ba ya makara. Na tsaya cikin sanyi ina kallon allo yana ƙara mintoci, ga wata tsohuwa kusa da ni tana ta tsaki.

Garin bai kai unguwa ɗaya a Kano ba, mutanensa ba su kai dubu goma ba. Tun daga tasha kake hango cocin Katharinenkirche a kan tudu, na jan dutse. An soma gininsa wajen 1220 aka gama a 1439, wato tun kafin Muhammadu Rumfa ya hau sarautar Kano. Sojojin Faransa sun ƙona garin a 1689, cocin ya lalace, daga baya aka gyara shi, kuma har yau gyara ake yi. Na tuna ganuwarmu da ake ɗiban ƙasarta ana yin bulo, raina ya ɓaci. A bayan cocin akwai wani ɗaki da aka jera ƙasusuwan mutum kusan 20,000, ƙoƙon kai bisa ƙoƙon kai, saboda maƙabartarsu ta yi musu kaɗan a zamanin da. Masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto. Ni dai leƙe ɗaya na yi, na yi salati na juya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harkar inabi. Yankin, Rheinhessen, shi ne ya fi kowane yanki a Jamus yawan gonakin inabi, kuma kusan duk inabin da suke nomawa giya ake yi da shi. Har gidan tarihi na noman inabi suke da shi a garin. Ka san ba shan ta nake ba, kuma ba ita ta kai ni ba. Amma dubi tsarin wasu manomansu. Manomi ya noma a kan tudu, ya matse a gidansa, ya zuba a kwalba, ya manna sunan gidansu da shekarar girbi, ya buɗe ƙofar tsakar gidansa ya sayar wa baƙo hannu da hannu. Babu dillali, babu ɗan kamasho, babu mai mota da zai ce sai an ƙara masa kuɗin hanya. Ina tsaye a wurin sai tumatirin Kadawa ya faɗo mini, yadda yake ruɓewa a kwando a bakin titi lokacin kaka, bayan wata uku kuma mu sayi na gwangwani.

Na shiga gidan wani manomi na ce masa ni Musulmi ne, ko yana da abin da ba ya bugarwa. Bai ko yi mamaki ba. Ya ɗauko Traubensaft, ruwan inabi zalla wanda ba a bari ya tsima ba, fari da ja, ya zuba mini in ɗanɗana kafin in biya. Yaya, zaƙinsa ya kai na rake, sai dai da ɗan tsami a ƙarshe kamar zoɓon da ba a cika wa sukari ba. Na sayi kwalba biyu. Ciniki kam babu. Kuɗin da ke rubuce shi za ka biya, in ka ce "a rage" kallon mamaki za a yi maka.

Ga wani gargaɗi da za ka isar wa duk ɗan gida mai shirin zuwa. Lokacin kaka ana sayar da wani abu mai suna Federweißer, fari-fari kamar kunun zaƙi, ba a ɗaure murfinsa sosai don kada kwalbar ta fashe. Giya ce da ta fara tsima. Ana cin sa da wata wainar albasa da galibi akwai naman alade a ciki. Ido ba ya gane su, sai an tambaya.

Inda muka fi su kuwa, ruwa. Na zauna a wani gidan abinci, aka kawo mini 'yar kwalbar ruwa mai gas wadda kuɗinta ya kusa na lemo. A gida baƙo ko maƙiyinka ne ruwa za ka fara miƙa masa, a nan sai ka biya. Bayan gida ma a tashoshi da yawa sai ka jefa kwabo kafin ƙofa ta buɗe. Kuma ranar Lahadi doka ta rufe kantuna. Babu mai shayi, babu mai tireda, babu yaron da za ka aika ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci. In burodinka ya ƙare daren Asabar, sai gidan mai ko babbar tasha ko ka dace da gidan burodin da ke buɗewa da safe. Wasu wuraren ba sa karɓar kati, sai tsabar kuɗi. Mai POS ɗin bakin layinmu ya fi su wayewa a nan.

Da la'asar na gangara bakin kogi wajen Nierstein, inda jirgin fito ke ɗaukar motoci da kekuna zuwa ƙetare. A daidai nan sojojin Amurka suka haye Rhine a watan Maris na 1945. Na ga rigunan ceto da ƙayyadadden lodi, na tuna kwale-kwalen Yauri da ake cika wa mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa baki.

Robar ruwan da na sha a hanya ban yar ba. Galibinsu suna da ajiyar santi 25 da ake mayar maka in ka saka ta a na'urar kanti, shi ya sa ba ka ganin roba a kwata. Kwalbar inabi ɗaya na shanye, ɗayar na ajiye wa Inna, in Allah ya kawo mai tafiya gida kafin azumi.