Kafin ka biya kuɗin horar da malamai kan haɗa labari da waya

Shekara biyu da suka wuce wani matashi ya shigo ofishina na makaranta a Nima, unguwa a birnin Accra na ƙasar Gana, jaka a kafaɗa, takardu masu sheƙi a hannu, ya ce yana koya wa malamai yadda za su sa yara su haɗa labari da hoto da murya a waya. Bakinsa da zaƙi, ni kuma na yi saurin sa hannu a aljihu, na biya wa mutum huɗu. Ranar Asabar suka tafi wani otal, aka zaunar da su cikin sanyi, aka yi ta haska musu rubutu a bango tun hantsi har la'asar, aka sallame su da shinkafa da kaza da takardar shaida mai ado a gefe. Ranar Litinin na tare ɗaya daga cikinsu a bakin aji, na ce, "Malama, ina labarin da kika haɗa?" Ta ce, "Wallahi Malam ko waya ba mu ciro ba, shi kaɗai ya yi ta nuna mana nasa." Cinikin biri a sama na yi, kuma laifina ne, don ban tambayi abin da za su dawo da shi ba. Tun daga nan masu makarantu daga Mamobi da Fadama da Madina sukan tambaye ni wane horo ya cancanci kuɗinsu da wane kaya za su saya. Ga abin da nake faɗa musu.

Da farko a san abin da ake ciniki a kai. Ba fim ake nufi ba, ba kuma wasan kwaikwayo ba. Gajeren labari ne na minti 2 zuwa 3, mai shi ya rubuta da kansa, ya karanta da muryarsa, a jera hotuna ko zane a kai. Wata cibiya a Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda aka sani da StoryCenter, ita ta yi suna da wannan tsari tun shekarun 1990, kuma bitarta ta asali ta kwana 3 ce: a zauna a da'ira kowa ya faɗi labarinsa a ji, a rage shi ya dawo kalma 250 zuwa 300, a ɗauki murya, a haɗa, ranar ƙarshe a kalli na kowa. Na kawo wannan ne don ya zame maka ma'auni. In waɗanda suka ƙirƙiro abin suna buƙatar kwana uku da manya masu kwamfuta a gabansu, wanda ya ce maka zai gama da malamanka a wuni guda, ka tambaye shi me ya cire.

Bitar wuni guda tana da amfaninta, ba zan zalunce ta ba. Tana buɗe wa mutum ido, kuma in mai shirya ta yana cikin waɗanda Hukumar Malamai ta Ƙasa, wato NTC, ta amince da su, malami yakan samu makin da yake tarawa don sabunta lasisinsa. Ga malaman gwamnati da ke makarantunmu na ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na Hukumar Ilimi ta Gana, wato GES, wannan maki ba abin wasa ba ne. Sai dai ka tabbatar da amincewar da idonka, kada ka dogara da tambarin da aka buga a takardar talla. Kuma ka sani maki ka saya, ƙwarewa tana wani wuri.

Akwai kwasakwasan intanet, wasu kyauta. Jami'ar Houston ta taɓa sa kwas kan wannan fanni musamman don malamai a Coursera, YouTube kuma cike yake da darussa. Yawancinsu da Turanci suke, suna cin data, kuma an shirya su ne don ajin da kowane yaro ke da na'ura a gabansa. Malami mai naci zai ƙaru. A wurinmu mutum uku suka fara, ɗaya ya kai ƙarshe, shi ma don matarsa ta yi tafiya ne gidan ya yi shiru. Shawarata, ka zaɓi malami ɗaya ka saya masa data ya yi, ya dawo ya zama jagoran sauran. Kada ka tura wa kowa adireshin kwas a WhatsApp ka ce ka yi horo.

Wanda na fi yarda da shi, kuma shi ne mafi tsada a takarda, shi ne mai horarwa ya zo makarantarku, ya yi ta dawowa. Tun da aka shigo da sabon tsarin karatun firamare a 2019 an ware wa malamai lokaci kowane mako su zauna su koya daga juna, abin da muke kira PLC. A makarantu da yawa zaman ya koma sa hannu a rajista da hira kan albashi. Wannan awa ita ce filin da za ka shuka horon. Mako na farko kowane malami ya faɗi labarinsa da baki, ba a taɓa waya. Na biyu a rubuta a rage. Na uku murya. Na huɗu haɗawa. Bayan nan mai horarwa ya shiga aji ya tsaya a baya, ya ga yadda malama za ta raba yara 50 a kan waya 2 ba tare da an yi dambe ba. Wannan shiga ajin shi ne tsokar cinikin, don a nan ne komai ke rushewa. Malami yakan iya haɗa nasa labarin tsaf, amma ranar da yara suka kewaye shi kowa na miƙo hannu, sai ya mayar da wayar aljihu ya koma kan allo.

In kana ciniki da irin wannan mai horarwa, ka ce ya nuna maka aikin yara, ba nasa ba. Nasa dole ya yi kyau, sana'arsa ce. Ka ce kana son ganin abin da 'yan aji biyar suka haɗa a makarantar da ya taɓa zuwa, da lambar shugaban makarantar ka kira ka ji. Ka tambaye shi me zai yi in an ɗauke wuta, don mu da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, mun san majigi ba abin dogaro ba ne. Ka tambaye shi ko yana jin Hausa, in ba ya ji, wa zai taya shi sauraron labaran yara. Kuɗi kuma a raba shi: kaso a farko, ragowar sai kowane malami ya nuna labari ɗaya nasa da ɗaya na ajinsa. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Sai kaya. Nan ne masu talla ke cin kasuwarsu, domin sun san zuciyar mai makaranta tana son ganin allunan latsawa jere a kan tebur ranar da iyaye suka zo. Ka danne wannan sha'awa tukuna. Tecno ko Infinix da ke aljihun malaminka ta isa, muddin tana da sarari. Abin da ke kashe labarin yara murya ce. Mutum yakan jure hoto mai hazo, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, kafin rabin minti ya wuce gaba. Mu kuwa a Nima sautin unguwa ba ya hutu: yaron motar trotro yana kiran masu zuwa unguwar Circle, babura, lasifikar mai wa'azi, injin niƙa, in damina ce ruwa a kan kwano. Don haka kuɗinka na farko ya tafi kan makirfo ƙarami da ake maƙalawa a wuyan riga.

Iri biyu za ka tarar a Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi da ke Circle. Akwai mai igiya, wanda aka fi sani shi ne Boya BY-M1, igiyarsa ta kai mita 6. Ba ya buƙatar caji in da waya za ka yi aiki, yana da ƙarko, amma sai wayar tana da ramin sa abin kunne, kuma yana da wani ɗan makunni a jiki, gefe ɗaya na kyamara, gefe ɗaya na waya. Mun taɓa ɗaukar hira ta minti ashirin makunnin yana gefen da bai dace ba. Ban son tuna ranar. Akwai kuma marar igiya, wanda ake cusa ɗan kansa a ramin caji. Ya fi daɗin aiki da yara masu zirga-zirga, sai dai ga caji, ga saurin ɓata, ƙanƙantarsa ta isa ya shige aljihun yaro ba da niyya ba. Ni mai igiya nake saya wa aji. Ko wanne ka zaɓa, jabu sun yi yawa, araha kuma ba ta ado. Je da wayar da za a yi aikin da ita, ka maƙala, ka yi magana a tsakiyar hayaniyar kasuwar, ka saurara kafin ka tura kuɗi ta waya, wato MoMo. In ya fitar da muryarka a Circle, zai fitar da ita ko'ina.

Mariƙin waya mai ƙafa uku yana da amfani, amma littattafai biyar da aka jera ma suna riƙe waya. Fitilar zobe ta masu TikTok ba ka buƙatarta, taga ta ishe ka. Katin ajiya da bankin caji sun fi su muhimmanci, don minti ɗaya na bidiyo mai inganci yakan haura MB 100 a wayoyi da yawa. Wannan ma dalili ne na fara da hotuna da murya maimakon bidiyo, kuma a riƙa tura aiki daga waya zuwa waya ta Xender ba ta data ba.

Manhajoji kuwa, yara sun riga ka sanin CapCut. Tana da sauƙi, tana haɗa hoto da murya da rubutu, amma wasu kayanta sun koma na biya, kuma kayan ƙyale-ƙyalenta sukan janye hankalin yaro daga labarin, ka ga hoto yana juyi kamar fanka. InShot ta fi ta natsuwa. KineMaster ta kyauta tana manna tambarinta a kan aikin. Canva tana ba malaman firamare da sakandare da ta tantance damar amfani kyauta, amma ba ta motsi sai da intanet. Ga ƙananan azuzuwa na fi karkata ga manhajojin littafi. African Storybook, na wata cibiya a Afirka ta Kudu mai suna Saide, yana da labarai da Hausa, yana kuma da manhajar haɗa littafin hoto a waya ba tare da data ba. StoryWeaver na Pratham Books a Indiya shi ma akwai Hausa a ciki. Bloom na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL a kwamfuta yake aiki, yana barin yaro ya karanta jimla-jimla a ɗauki muryarsa, littafin ya zama mai magana. Malamin da ya karɓi kwamfutar TM1 da gwamnati ta fara raba wa malamai a 2021, in har tana da rai, ga aikin da zai ba ta.

Gwaji ɗaya nake yi wa kowace manhaja kafin na yarda da ita: na rubuta "ƙwarya" da "ɗanwake" da "ɓera" in ga ko ƙugiyoyin za su fito. Wasu salon rubutun sukan mayar da su akwati fanko. Gboard yana da allon Hausa, a sa wa kowane malami. Ajami kuwa kada ka wahalar da kanka, yaro ya rubuta da tawada a allo ko takarda, a ɗauki hoto, ya fi kyau ma.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauka don koyarwa a makarantu, don haka yaron Zango yakan karanta Turanci, ya yi Ga ko Twi a darasin harshen gida, Larabci a makarantar allo, harshen da yake mafarki da shi kuwa ba shi da kujera a aji. Mai horarwar da ya ce dole labari ya zama da Turanci zai ba ka yara masu haddace jimloli. Mu mukan bari a faɗa da Hausa, sannan a rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto, kuma a wannan fassarar ne malamin Turanci ke samun darasinsa.

Wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ba a jin muryarta a aji, ta ce za ta yi labarin kakarta mai sayar da koko. Malamarta ta raka ta gida bayan la'asar. Tsohuwar na zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana tace gasara, aka maƙala mata makirfo a bakin mayafi, ta dube shi ta ce, "Wannan ƙwaron kuma fa?" Yarinyar ta ce, "Kaka, ki faɗa masa yadda kika zo Nima." Tsohuwa ta share maganar, ta kama labarin mahaifinta da fataucin goro, da Salaga, da yadda ake yayyafa wa huhun goro ruwa a hanya kada ya bushe. Minti goma sha ɗaya ta yi. Aikin yarinyar na mako biyu shi ne ta zaɓi abin da zai shiga minti uku, ta zana jakai da huhu da hannunta, ta kuma kare dalilin da ya sa ta yar da sauran. Malamar da ta iya jagorantar wannan zaɓi ita ce wadda aka shiga ajinta sau uku ana gyara mata.

Abu na ƙarshe da za ka sa a yarjejeniya shi ne izinin iyaye. Gana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, kuma ko babu doka, ka san unguwarmu: hoton 'yar mutum ya fita a Facebook ba da saninsa ba, gobe da asuba yana ƙofar gidanka. A rubuta takarda gajera, a karanta wa iyaye da Hausa a taronsu, a bambanta nunawa a aji da sakawa a intanet, kowanne da nasa izinin. Mai horarwa ma kada ya kwashi aikin yaranku ya yi tallar kansa da shi sai an yarda. Mu yawancin labaranmu ba fuskar yaro a ciki, zane ne da hannuwa da murya, kuma a waya ɗaya ta makaranta ake ajiye su, wadda ke kwana a durowar ofis tare da makirfo biyu da katin ajiya.