PhD ko PsyD: amsa ga 'yar'uwar da ke son karatun duba masu damuwar ƙwaƙwalwa a Amurka

'Yar'uwa, kin ce kin gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, kin yi bautar ƙasa, kina son tafiya Amurka digirin digirgir a ɓangaren da ake duba marasa lafiya, sai kika tarar da ƙofa biyu, PhD da PsyD. Kin kuma ce wani ya faɗa miki ta farkon ta masu rubuce-rubuce ce, ta biyun ta masu asibiti. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ki, kuma a rabin da ya bari ne maganar kuɗi take.

Da farko dai ƙofa ɗaya ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka koma Amurka da firgici da rashin barci, likitocin ƙwaƙwalwa suka yi kaɗan, hukumar kula da tsofaffin sojoji ta shiga zuba kuɗi a horar da masana halayya su taya. A 1949 aka yi zaman mako biyu a garin Boulder na jihar Kolorado, aka tsayar da cewa mutum ɗaya zai riƙe aiki biyu: ya iya bincike, ya kuma iya zama da marar lafiya. PhD ɗin wannan fanni ke nan har yau. Da tafiya ta yi nisa sai ƙorafi ya taso cewa taura biyu ba ta taunuwa, ana ɓata wa ɗalibi shekaru a kan ƙididdiga alhali yawancinsu duba mutane suke komawa yi. Jami'ar Illinois ta buɗe PsyD a 1968, taron da aka yi a Vail a 1973 ya sa wa tsarin albarka, Jami'ar Rutgers ta biyo baya a 1974. Vail ɗin ma a Kolorado take, kamar dai rigimar gida ɗaya.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ɗalibin PhD ma yana shiga ɗakin duba marasa lafiya, galibi tun daga shekara ta biyu. Ɗaki ne ƙarami a asibitin sashen: kujera biyu, kwalin tishu a kan tebur, agogo a inda ke za ki gan shi ba tare da kin juya ba, da kyamara a kusurwa bisa yardar marar lafiyar. Bayan kwana biyu ki zauna da malamin da ke sa ido a kan aikinki, ya kunna bidiyon, ya tsayar da shi daidai inda mutumin ya yi shiru ke kuma kika yi saurin jefa masa wata tambaya, ya ce me ya hana ki bar shirun ya yi aikinsa. Wannan zaman, da na PhD da na PsyD duk suna shan sa. Duka suna koyon gwaje-gwaje irin su WAIS na auna fahimta da MMPI na auna ɗabi'a, duka suna rubuta kowace awa da suka yi da marar lafiya, domin da waɗannan awannin ake neman gurbin shekarar ƙarshe ta sanin makamar aiki.

Bambancin yana cikin sauran awannin mako. Mai PhD, in ta fito daga wancan ɗakin, ɗakin binciken farfesanta ta nufa: tattara bayanai, ƙididdiga, rubuta maƙala a tura mujalla a dawo da ita da gyara, wani lokaci har da koyar da 'yan aji ɗaya. Kundinta na ƙarshe sai ya zama sabon bincike da ta tsara da kanta. Shekara 5 zuwa 7 ake yi. Mai PsyD kuwa wani asibitin ko wata makarantar take wucewa ta ƙara awanni. Ita ma tana da kundi, amma yakan fi sauƙi, yakan iya zama nazarin wani shirin magani ko bitar abin da aka riga aka gano. Tana iya gamawa a shekara 4 zuwa 6.

To ga maganar kuɗi. Yawancin shirye-shiryen PhD na manyan jami'o'i suna yafe kuɗin makaranta, su kuma ba ki alawus saboda aikin bincike ko koyarwar da kike yi. Ba na tara dukiya ba ne, na haya da cefane ne. Shi ya sa shiga ke da wuya: ɗaruruwa ke nema, a ɗauki 'yan kaɗan da ba su cika wuce yatsun hannu biyu ba. PsyD akasin haka ne. Ƙofar ta fi faɗi, ajin ya fi girma, amma ke za ki biya, shekara bayan shekara. 'Yan ƙasa da bashin gwamnati suke yi, su fito da nauyi a wuya. Ke da kika zo da bizar karatu ba ki cikin masu samun wannan bashin. Ki auna kuɗin da naira, za ki ga dalilin da ya sa na ce ga irinmu ƙofar da ta fi ƙunci ita ce ta fi buɗuwa. Akwai 'yan PsyD da ke ba da tallafi mai kyau, na Jami'ar Baylor na cikinsu, amma su ma neman su ya yi zafi.

Sannan ki yi hattara da makarantun da kasuwanci suke yi da digirin. A 2019 Jami'ar Argosy, wadda ke da ɗimbin ɗaliban PsyD, ta rufe ana tsakiyar zango, ɗalibai suka shiga neman inda za su ƙarasa. Kowane shiri kika duba, ki tabbata APA, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ta tantance shi. Ƙungiyar ta wajabta wa shirye-shiryen da ta tantance su wallafa tebur mai nuna mutum nawa suka ɗauka, shekara nawa ake yi, nawa ne kuɗin, nawa suka samu gurbin sanin makamar aiki, nawa suka samu lasisi. Wannan teburin ya fi duk hotunan ɗalibai masu murmushi gaskiya.

A ƙarshe hanyoyin biyu haɗuwa suke yi. Kafin a ba ki digirin sai kin yi shekara guda cur ta sanin makamar aiki. Ki jera asibitocin da kike so, su ma su jera ɗaliban da suke so, kwamfutar APPIC, ƙungiyar da ke raba waɗannan guraben, ta haɗa, a watan Fabrairu saƙo ya zo ya faɗa miki garin da za ki koma, kuma babu ja da baya. Asibitocin tsofaffin sojoji, waɗanda ke da gurabe masu yawa, 'yan ƙasa kawai suke ɗauka, saboda haka jerinki zai fi na abokan karatunki gajarta. Bayan nan jarrabawar neman lasisi, wato EPPP, ɗaya ce, lasisin jiha ɗaya ne, duka ana kiran su dakta. Babu ɗayansu da ya zama likitan da ke rubuta magani, in ban da 'yan jihohi irin su New Mexico da Louisiana da suka yarda bayan ƙarin horo.

Tunda kin ce gida za ki dawo, ni dai PhD zan nuna miki, ba don kuɗin kaɗai ba. Ki ɗauki takardar Beck ta auna ciwon damuwa, mai tambaya 21, wadda ta farko a kan baƙin ciki ce. Ki kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa, ki tambayi wata baiwar Allah ko tana baƙin ciki. Tana iya ɗauka hassada kike nufi ta ce Allah ya kiyaye. Ki tambaye ta ya take ji, ta ce Alhamdulillahi, sai daga baya ta ce kanta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata. Kalmar damuwa kuma a bakinmu ta haɗe abubuwa biyu da littattafan can suka raba, ƙuncin rai da fargaba. Fassara kaɗai ba ta gyara wannan. Sai an gwada takardar a kan mutane da yawa, an ga wace tambaya ce ke aiki, wace ce ta mutu a hanya, an sake tsayar da makin da za a ce ciwo ne. Aikin mai bincike ne, kuma wadda ta zauna da marasa lafiya ce za ta san inda tambayar ta kauce.

Neman PhD wajen farfesa ɗaya ake yi, wanda bincikensa ya zo daidai da naki, kuma abin da zai fara dubawa shi ne ko kin taɓa yin bincike da hannunki. Galibi farkon Disamba ake rufe karɓar takardu. In babu komai a hannunki sai furojet ɗin aji huɗu, ki koma sashenku ki roƙi wani malami ya sa ki cikin aikin da yake yi, ko da shigar da bayanai ne, ki bar neman sai baɗi. Ki faɗa mana a kan me kika rubuta furojet ɗin, sai mu ga inda ya dace ki ƙwanƙwasa.